Kantar da na gani a kafaɗarsa

Assalamu alaikum masu wannan shafi. Ni ban yi makaranta ba, da baki na faɗa aka rubuta min, kuma a ɓoye sunana. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci.

Ni dattijuwa ce a Haɗeja, sana'ata bandar kifi. An san ni da sa ido, ba a shiga layinmu ban san wa ya shigo ba, kuma dā ina alfahari da hakan. Lokacin da rikicin gabas ya koro mutane, wani masunci da zan kira Modu ya zo da matarsa da 'ya'ya biyu, na ba su ɗaki a gidana. Ba shi da surutu, kullum yana ruwa wajen Guri. A kwanakin an yi shela cewa duk wanda ya ga baƙon da bai yarda da shi ba ya faɗa, mata kuma suna ta yaɗa cewa wanda ya taɓa rataya bindiga ana gane shi da kanta a kafaɗa. Wata rana ya tuɓe riga yana wanke kifi a tsakar gida, na ga kantar, baƙa, a kafaɗar dama. Jama'a, mijina marigayi shekara talatin yana jan igiyar taru, irin wannan kantar ce a jikinsa, ni nake shafa mata man shanu. Na sani sarai. To me ya kai ni? Tsoro ne, ko so nake a ce ba abin da ke wuce idona? Na je na faɗa. Bayan kwana biyu sojoji suka ɗauke shi a bakin kasuwa da kwandon kifinsa a ka.

Shekara huɗu ba labari. Matarsa ta zauna a wurina, na koya mata banda, na yaye mata ƙaramin, mutane suna ta sa min albarka, ni kuwa na san abin da nake binnewa. Da aka sako shi ban gane shi ba sai da ya yi magana. Haƙoransa na gaba babu. Ba ya iya miƙe ƙafa ya kwanta, a tsugune yake barci, domin a ɗakin da aka cusa su ba wurin kwanciya. Ya ce ruwa a murfin jarka ake raba musu, wanda ke jingine da shi ya cika har ya sandare ba a fitar da shi ba. Ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba, ba wanda ya gaya masa laifinsa. Har yau idan zai zaga bayi sai ya tsaya yana kallona, yana jiran in ce je ka. Magidanci guda, a gidan da yake kwana.

Rannan ina juya kifi a kan banda na daure na tambaye shi ko ya san wanda ya kai sunansa. Ya ce, "Iya, na daina nema. Na bar shi da Allah, can za mu haɗu." Hayaƙi ya rufa min asiri, ya ɗauka shi ya sa ni hawaye.

Yanzu matarsa ta haifi mace. Jiya ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Iya, sunanki zan sa mata. Da ba ke ba, da ban tarar da kowa nawa ba." Na ce ya sa na mahaifiyarsa, ya ce ai ni ce mahaifiyar da ta rage masa. Na yi masa tsawa yadda na saba, ya yi dariya, ya ɗauka kawaici ne.

Suna ranar Juma'a ne. Idan na faɗa, mutumin da sai yanzu ya fara cin abinci ba ya ɓoye saura a aljihu, ina zai sa kansa? A gidan wa za su zauna? Idan na yi shiru, yarinyar nan za ta tashi tana amsa sunan wadda ta kai ubanta can, shi kuma yana jiran wani a gaban Allah bai san ni ce ba. Ni ba yarinya ba ce, kabari ya matso.

Me zan yi?