Ranar da Layukan Suka Koma Kore

Zuwa ga Naila, sanyin idona, ruwan randata a tsakar zafin bazara, inuwar da nake gudu in fake.

Bayan sallama, albishirinki! Yau da hantsi layukan nan suka koma kore, ni kuma na yi numfashin da na daɗe ban yi ba.

Kin san aikin digirina, cif ɗin nan, 'yar baƙar ƙwaya mai ƙafafu irin ta cikin rediyo, wanda zai riƙa kunna famfon ban-ruwa da kansa. Kafin a ƙera shi sai na rubuta shi da yaren kwamfuta, ita kuma ta kwaikwayi halinsa, ta zana min bugun wutarsa layi-layi. Kore na nufin ta san abin da yake yi, ja kuwa ba ta sani ba ke nan. Tun kafin azumi ja nake gani kamar an zubar da manja, ga Babanki ya ce kada magabatana su tako gidanku a Muciya sai na kare aikin gaban malamai. In zaman wannan watan ya wuce ni, sai baɗi. Baɗi, Naila! Wace zuciya gare ni da za ta kai baɗi?

Na zagi kwamfutar, na zagi wutar Samaru, har Tomiwa abokin ɗakina na harara, bawan Allah. Ashe na gina wa cif ɗin komai, na manta rubuta umarnin da zai ce masa ya fara ƙirga daga sifili. Bai san mafarinsa ba, ina zai san inda ya dosa?

Ina gyarawa na tuna ranar da ruwan sama ya tsare mu a rumfar Obi mai kayan wuta, cikin kasuwar Sabon Gari. Kika dubi wayoyin da na saya, kika tambaye ni ko da su zan ciyar da mata, kika yi dariya. Ƙamshin ƙasar ranar har yau yana hancina. Ni na san sifilina, daga dariyar nan na fara ƙirga.

Malamina ya gani, ya sa hannu. Alhamis zan tsaya gabansu in sha Allahu. Don Allah ki raɗa wa Mama, domin Kawuna har ya kai babbar rigarsa wanki.

Cif ɗin yana cikin kwamfuta tukuna, kwaikwayo ne. Son da nake miki kuwa an riga an ƙera shi.

Naki, mai riƙe da alkawarinki har numfashi ya ƙare,
Suhail