Rifkatu Ta Buɗe Littafi Daga Baya

Yaya Saratu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya jikin Mama, ya yara? Mu a nan Sabha, ƙasar Larabawa, lafiya lau.

Ran Lahadi na miƙa wa 'yata Rifkatu Littafi Mai Tsarki na Hausa, sai ta buɗe daga baya, kamar littafin Larabci. Raina ya ɓaci. Na tara yaran ikilisiya ina koya musu karatun Hausa. Dattijonmu ya ce in daina, kada maƙwabta su ji, mai gidan da muke sujada a ciki ya kore mu. Na ce, "Baba, mun ajiye ganga, mun rage muryar waƙa. Karatu kam, sai dai a kore mu muna yi."

Ki sa mu a addu'a, ki gai da matan zumunta.

Ƙanwarki,
Ladi