Cek ɗin da ke aljihun kwat ɗin Alhaji

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, Allah ya rufa maka asiri. Don Allah ku ba ni shawara, wuta ce ta zo mini har bakin ƙofa. Ni tsohuwa ce, ban yi karatun boko ba, maƙwabciyata ce, wata nas 'yar Kaduna, take rubuta abin da nake faɗa a wayarta. Na roƙe ta kada ta gyara komai, in kuka ya ci ƙarfina ta jira ni.

A Lanham, wani gari kusa da Washington, muke zaune ni da mijina Alhaji tun muna da sauran ƙarfi, shi direban tasi ne a cikin Washington. Allah bai bar mana ɗa ko ɗaya ba. Farkon sanyin da ya wuce Alhaji ya rasu, har yau in na dafa shayi kofi biyu nake ɗaukowa.

Akwai wani ɗan garinmu, magidanci mai 'ya'ya uku, Alhaji ne ya koya masa tuƙin haya da ya zo ƙasar nan. Umma yake ce mini. Shi ya yi wa Alhaji wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. A asibiti Alhaji ya taɓa ce mini in ta Allah ta kasance, baƙar kwat ɗinsa ta sanyi in ba wa wannan bawan Allah. Da aka zo rabon tufafin mamaci sadaka kamar yadda muka saba, ina naɗe kwat ɗin na ji takarda a aljihun ciki. Fallen cek ne, na san kamanninsa, wurin sa hannu fari fat, ba a rubuta komai ba. A sanina cek in ba sa hannu takarda ce kawai, kuma Alhaji ne ya sa shi a wurin da hannunsa, sai na kasa cirewa, na mayar na miƙa kwat ɗin.

Na shiga takaba, ba na fita, wasiƙu suna zuwa ina tarawa a kwando tunda ba karantawa zan yi ba. Bayan na fita takaba manajan gidanmu ya ƙwanƙwasa ƙofa, wai kuɗin haya ya dawo sau biyu ba a biya ba, ga tara a kai. Na ce masa haya ai da kanta take fita daga asusunmu ni da Alhaji, shi ya tsara haka, kuma ɗan fanshon da gwamnati take ba ni yana shiga.

Wannan nas ɗin ce ta kai ni banki. A nan aka nuna mana wani kamfanin bashin mota yana cire kuɗi kowane wata, kafin lokacin haya ya yi. Na rantse musu ban sa wa kowa hannu ba. Sai nas ɗin ta zaunar da ni ta ce, "Mama, yanzu ba ruwansu da sa hannu." Ashe akwai abin da ake kira i-cek. Lambobin nan biyu da ke ƙasan cek, ɗaya ta banki ɗaya ta asusu, in mutum ya buga su a waya ya danna ya yarda, bayan 'yan kwanaki kuɗi ya fita, in ya so kowane wata. Da haka ma hayarmu take fita. In kuɗi bai isa ba, sai ya dawo kamar cek na takarda. Motar kuwa da sunan wanda na ba wa kwat ɗin take.

Na kira shi ya zo, ya durƙusa, bai yi musu ba. Ya ce wallahi Alhaji ne a asibiti ya ce masa akwai cek a aljihu, ya riƙa biyan motar da shi har ya tsaya da ƙafarsa. Ya ce ya ɗauka na sani, kuma ya ɗauka Alhaji ya bar dukiya. Na ce dukiyar me, direban tasi? Na ce ko gaskiya ne, ka ga ina cin gayan tuwo a gidan nan ba ka taɓa tambayata ba? Ya yi ta kuka, ya ce zai biya a hankali, amma manaja ya ce ƙarshen watan nan zai kai maganar kotu.

Banki sun tare hanyar, ba za a ƙara cirewa ba. Sun ce wani ɓangare na kuɗin zai iya dawowa, wanda zai isa hayar, in na sa hannu cewa ba da izini aka cire ba, kuma wa'adin sa hannun ya kusa cika. Maƙwabciyata ta ce in na sa, za a iya ƙwace motar da yake ci da iyalinsa da ita, wataƙila har 'yan sanda su shigo, ga takardun zamansa ba su gama daidaita ba. Ita dai cewa take, "Mama ki sa hannu, tausayi ba zai ba ki wurin kwana ba."

Abin da ya hana ni barci, Alhaji zai iya ce masa ya yi amfani da cek ɗin. Mutum ne da ke cire abincin bakinsa ya bayar bai gaya mini ba. In ya faɗa, kuma na sa hannu, na yi rantsuwar ƙarya a kan maganar mijina. In bai faɗa ba, wanda ya wanke shi ne ya cuce ni. Wanda zan tambaya yana ƙarƙashin ƙasa. A falon nan ya yi sallarsa ta ƙarshe, ba ni da inda zan je, can garinmu ma duk nawa sun ƙare.

Ranar Juma'a na hango shi ta taga ya kawo mini cefane, sanye da kwat ɗin, har na miƙe na ɗauka Alhaji ne. Ban buɗe ƙofar ba.

Malamai da masu sanin dokar ƙasar nan, 'ya'yana, ku gaya mini, in sa hannun nan ko in fara ɗaure kayana?