Shekara Uku Mijina Yana Ciyar Da Mu Daga Ruwan Da Aka Hana

Anti, don girman Allah ki taimake ni, zuciyata ta cika, ko haɗa ido da mijina ba na iyawa.

Masunci ne, ni kuma ina banda ina sayarwa a ƙofar gida. Kin san halin masunta, ko matarsa mutum ba ya gaya wa inda yake jefa taru. Shekara uku yana dawowa da kaguwa da jatan lande manya-manya, abokan sana'arsa suna dawowa hannu Rabbana, ni kuwa sakarya ina ta washe baki wai na auri mai sa'a. Abin da ya yi kwantai shi muke ci safe da yamma. Mahaifiyata a wurina take, ba ta da haƙori, kullum romon nake ɗura mata don ta yi ƙarfi.

Bana tafin hannunta ya yi kanta, baƙaƙen tabo suka feso mata a baya, ƙafafunta ba ta jin su. Likita ya gwada fitsarinta ya ce guba ce mai suna arsenik, ya tambayi inda kayan ruwan da muke ci ke fitowa. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Da na tsare mutumin nawa sai ya sunkuyar da kai ya faɗa mini gaskiya. Ashe bakin magudanar wata masana'anta yake zuwa, inda aka kafa allon hana kamun kifi. Wai shi ya ɗauka wuta da gishiri suna kashe komai. Da hannuna na ba uwata, Anti! Da hannuna na auna wa maƙwabta, har da masu jego.

Likita yana jiran amsa. In na faɗa, a ƙwace tarun, unguwa ta tsine mana. In na yi shiru, ina zan sa kaina? Na tsane shi, kuma shi ne uban 'ya'yana.

Matar Masunci

'Yar'uwa, fushinki yana kan hanya. Na yarda bai yi nufin cutar da ku ba, tunda shi ma da cikinsa ya ci. Amma ya ga allo ya wuce, wannan ganganci ne, kada ya laɓe a bayan rashin sani.

Ki tsayar da sayarwa yau. Banda, gishiri da tafasa ba sa fitar da wannan guba. Ki kai yaran da shi kansa gwaji, a duba ruwan da kuke sha, don sau da yawa ta nan ma take shiga. Ba duk kifi ne abin tsoro ba, matsalar wurin kamun ce.

Sirrin sana'a yana ƙarewa inda ran mutane ya fara. Ki ba shi kwana ɗaya ya je ya faɗa wa likita da bakinsa, hakan zai rage masa kunya. In ya noƙe, ki je ke kaɗai. Maƙwabta za su yi tsegumi, wasu su daina gaishe ki, amma gara ki sha zaginsu da ki je musu ta'aziyya kina sane.

Maganar zamanku ki ajiye ta sai Inna ta samu sauƙi. Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Antinku