Gayyar da Aka Yi Mini Ban Sani Ba

Kaoje, Bagudo,
7 ga Disamba, 2003.

Zuwa ga Yaya Riskuwa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga babbar yayarsa, tare da fatan kun yi sallah lafiya ke da Malam Abbas da yara a can Fatakwal. Allah ya karɓi ibadarmu, ya ƙara miki lafiyar ƙafar nan da kika ce tana damun ki. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta ji sauƙin tarin, har ta koma faɗan da ta saba, matata Atika kuma tana gode miki da zanen da kika aiko. Dungulmin hannuna ya warke sarai, sai dai wani lokaci nakan ji yatsun da babu su suna ƙaiƙayi.

Yaya, saƙonki ya iso ta bakin direba, cewa ƙanenmu Labbo ya riƙe gonar Baba ta ƙetaren ruwa a noman ranin bana, ni kuma in huta. Na san tausayi ne ya sa ki faɗi haka, kuma na san a gidanmu in kin yi magana ta zauna. Shi ya sa nake son ki ji abin da ba a gaya miki ba. Na buɗe littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana don kada in ƙara ko in rage.

Tun da injin casar shinkafa ya cinye mini hannun dama a watan Fabrairu, gidan nan suka mayar da ni kamar ƙwai. Aka daina sa ni a kwanon maza, wai kada in ji kunyar sa hagu a tuwo, sai a kawo mini nawa a ɗaki da cokali. Sau ɗaya na je kasuwar Tsamiya, can bakin iyaka, wata mata daga cikin mutanen Benin ta dubi hannuna ta janye kwandonta, na ji tana gaya wa maƙwabciyarta wai ga irin waɗanda alƙali ke yanke wa hannu a Najeriya. Ni da ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba! Kuskurena da na ba da labarin a gida. Daga ranar Labbo ya ce babu inda zan ƙara zuwa, Inna ta goya masa baya, filafilin da nake tuƙa jirgin ruwana da shi ma aka ɗauke shi aka ɓoye a rumbu.

A watan Yuni aka yi abin da ya fi ci mini rai. Labbo ya kira gayya a gonar, mutum ashirin da uku har da na ƙauyen Sharabi, aka yi fura da tuwo a gidan maƙwabta don kada in gani. Aka hana kowa gaya mini, wai sai shinkafa ta fito a nuna mini in yi murna. Kin san gonar nan kashi biyu ce, tudu da kwari. Shekara goma sha huɗu ina nomanta, kuma kowace shekara ina sara alama a jikin kanyar da ke bakin gona daidai inda ruwa ya tsaya, in rubuta a littafi. Baba ne ya koya mini cewa kwarin ba ya karɓar kowace shinkafa sai tamu ta gargajiya mai bin ruwa, wadda in kogi ya ƙaru ita ma ta ƙara tsawo. Irinta yana nan cikin tulu a ɗakina, taku biyar daga inda Labbo ke shan fura. Su kuwa don su kyautata mini sai suka samo gajeriyar nan ta zamani mai yawan haihuwa, suka cika gonar da ita sama da ƙasa. Da wani ya leƙo ya tambaye ni, kalma ɗaya ta isa. Ai ba da hannu ake amsa tambaya ba, kuma ba kaina injin ya kama ba.

Da na ji labari na yi magana, Labbo ya yi dariya ya ce Yaya Namadi da littafinsa sai ka ce ma'aikacin gona na gwamnati, bana ruwa ba zai kai can ba. Ran goma sha tara ga Satumba ruwa ya zo. Kwana shida kwarin yana nutse, ko ganye ɗaya bai leƙo ba. Abin da aka samu a tudu ba zai kai mu damina ba. Abin haushin, sai da na bi gida gida ina godiyar gayya, domin mutane sun ba da ƙarfinsu da zuciya ɗaya, kuma wanda aka yi wa gayya ba ya buɗe baki ya ce an ɓata masa. Yanzu kuma asarar nan ita ce aka kawo miki hujja, wai gonar ta fi ƙarfina. Gonar da ban taka ba!

Ba zan ɓoye miki ba, ni ma nakan yi shakkar kaina. Akwai ranakun da na rubuta cewa wataƙila girman kai ne ke damuna, wataƙila Labbo ya fi ni gaskiya, tunda ko maɓallin riga sai na yi fama. Shi ya sa ban rubuto miki ba sai da na gwada. Na je wurin Muzammilu baduku, ya ɗinka mini wata fata kamar safa mai madauri, wadda nake zura dungulmin a ciki in ɗaure ta a jikin filafili. Ta farko ta sale mini fata, ta biyu ta tsinke, ta uku ce ta zauna. Atika ce ta ɗauko mini filafilin daga rumbu, ta ce in Inna ta tambaya ita ba ta ga komai ba. Na fara a ruwa marar zurfi bayan sallar asuba. Makon farko jirgin juyawa kawai yake yi wuri ɗaya, masunta suna tsokana ta wai ko na zo koya wa kifi rawa ne. Sau biyu na kife. Ran Asabar, ashirin da tara ga Nuwamba, na ƙetare ni kaɗai, na ɗaure jirgi da hagu da haƙori, na taka gonar Baba karo na farko cikin wata tara. Sawun laka yana nan a jikin kanya, ya wuce duk alamomina da kusan kamu ɗaya. Na sara ta bana da hagu. Ta karkace, amma tana wurin da ya kamata.

Ban ce zan iya komai ba. Dashe da yanka sai an taya ni, kuma Labbo ƙanena ne, ina son hannunsa a gonar. Injin ban ruwa na gwada na maƙwabci, in na taka shi da ƙafa na ja igiya da hagu yana tashi a ja na uku ko na huɗu. Abin da nake roƙo shi ne a bar ni in zama mai cewa ga abin da za a shuka, ga inda za a shuka shi. Nan da mako biyu za a fara zuba iri, in ba ki yi magana ba kafin nan, shi ke nan an wuce da ni, kuma na san in aka yi rani ɗaya babu ni, ba za a ƙara tambaya ta ba. Don Allah ki aiko wa Inna da layi biyu ta hannun direban nan. Tun shekaranjiya ma na ɗauki kaina na koma kwanon maza, na sa hagu, babu wanda ya tashi, sai Labbo da ya turo mini nama gabana kamar baƙo, na mayar masa.

Ki gaishe mini da Malam Abbas ƙwarai, da Fauziyya da Mutawakkil, a ce su dage da karatu. Inna da Atika da ɗiyarki Husna suna gaishe ki. Labbo ma yana gaisuwa. Da ya ga ina fama da biro ya ce in kawo ya rubuta mini don kada in wahala. Na ce ya bari. Kwana huɗu na yi a kan takardar nan, kuma in kin iya karanta ta har nan, to kin ga abin da hagun nan ke iyawa in an ƙyale ta.

Wassalam. Ni ne ƙanenki,
Namadi.