Ban Ce Musu Kin Tuba Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rifkatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ɗiya ga uwa, ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu, wanda kika bauta wa har ƙarshen numfashinki. Ni ce Saratu, daga Makarfi nake rubuto miki. Jikokinki suna lafiya, dawa ma ta yi kyau bana. Ni kaɗai ce ba ni da lafiya, kuma ciwon nawa fushi ne. Na san wasu za su leƙa wannan takarda. Su leƙa da kyau, don da su nake.

Kin tuna shekarar da agana ta sauka a ƙauyenmu na ƙasar Ikara, ba da daɗewa da samun mulkin kai ba? Tutocin da aka raba wa 'yan makaranta ko koɗewa ba su yi ba. Masu yin lambar rigakafi ba su iso mu ba sai da ciwon ya gama ɓarnarsa. Duk wanda ya kamu, a kai shi bukka bayan gari, a ajiye masa ƙwarya daga nesa, a juyo da gudu.

Ke kuwa kin yi agana tun kina yarinya, ga zanzana nan a fuskarki. Kika ce tunda Allah ya bar ki da rai, kuma ciwon ba ya kama mutum sau biyu, to aikin naki ne. Kullum da safe ki dama kunu ki ɗora a ka, ki nufi bukkokin. Ba ki taɓa tambayar wane ne Kirista, wane ne Musulmi ba. Har Bafillatanin nan da 'yan uwansa suka tashi da shanu suka bari, ke kika riƙa ɗura masa ruwa a baki.

Sai tsohuwa Tabawa ta mutu a bukka. Bamagujiya ce, ba ta bi masallaci ba, ba ta bi majami'a ba. Danginta suka tsaya can nesa, kowa yana tsoron taɓa ta. Ke kika wanke ta, kika naɗe ta da zanenki, kika taya su sa ta a rami. Da suka rufe, suka zuba giya a kan kabarin bisa al'adarsu, kina tsaye a gefe kina wanke hannu. Abin da ya faru ke nan, ba ƙari ba ragi.

Kafin Lahadi magana ta kai kunnen dattawan ikkilisiya, wai kin shiga hidimar tsafi. Baba Dogara, babban dattijo, shi ya miƙe ya sanar an sa ki a horo: ki koma bencin baya, ba ke ba cin gurasar jibin Ubangiji, sai ranar da kika fito gaban jama'a kika ce kin tuba. Baba Dogara fa, Inna! Wanda ɗansa Bulus ya kwanta a bukkokin nan, shi uban bai ko leƙa ba, ke kika kwashe kashin yaron da hannunki har ya tashi. Laifi tudu ne, sai ka taka naka ka hango na wani.

Amsarki ɗaya ce, a gida da waje: "Ban san yadda ake tuba da wanke mutum ba." Ba ki yi faɗa ba, ba ki daina zuwa ba. Kina zama can baya kusa da ƙofa, kina rera waƙa da muryarki mai kaushi. Asabar ki share majami'ar, da rani ki gyara mata daɓe. Da matar mai bishara ta haihu, ke kika dafa mata ruwan wankan jego har ta yi arba'in. Sun karɓi ruwan zafinki da hannu biyu, amma ɗan gutsuren gurasa ya gagare su ba ki. Ni a lokacin ma haushinki nake ji. Ina cewa ki bar musu sharar, su ga ƙura ta cinye su. Sai ki yi dariya ki ce ba don su kike yi ba.

Yanzu ga abin da ba ki sani ba. Da safen da zazzaɓi ya ɗauke ki, gawarki tana ɗaki ba a ko rufe ta ba, dattawa suka shigo. Suka ce wanda ya mutu cikin horo ba a binne shi a maƙabartar ikkilisiya. Amma tunda ni ce na yi jinyarki, in na shaida cewa kin tuba kafin ki cika, za a kwantar da ke kusa da kabarin Baba mijinki, inda kika sha cewa nan kike so. Yaya Ishaya ya ja ni bayan rumbu yana kuka, yana roƙona in faɗa, wai kalma ɗaya ce, wa zai sani.

Inna, na tsaya na dube su. Mutanen da suke koya mana cewa Ubangijinmu ya taɓa kutare, ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa, su ne suke neman in yi ƙarya a kan gawarki don su wanke fuskarsu. Na gaya musu ba ki tuba ba. Na ce maganarki ta ƙarshe tambaya ce, ko an kai wa makauniyar unguwarmu tuwonta. Na ƙara da wasu maganganu da ba zan maimaita miki ba, don na san ba za ki so ba.

Shi ya sa kike kwance a gefen gonarmu. Jikokin Tabawa ne suka haƙa ramin, maƙwabtanmu Musulmi suka kawo itace, matan ikkilisiya kuma suka zo a ɓoye ta cikin dawa suka yi miki waƙa. Bulus ya zo, ya kasa ɗaga kai. Ubansa bai zo ba.

Har yau Yaya Ishaya ba ya amsa gaisuwata. Ya ce ni na raba ki da mijinki saboda taurin kai. Wannan maganar tana cina, Innata. In na tuna kina can ke kaɗai, Baba yana can, sai abinci ya ƙi shiga. Amma ke kin zauna a bencin baya na majami'a shekara da shekaru don kada ki furta kalmar nan. Ta yaya zan sa miki ita a baki ranar da ba ki da bakin musawa?

Allah ya ba ki hutawa a gaban Almasihu, inda ba mai nuna miki wurin zama. Allah ya dawo mini da ɗan uwana. Su Baba Dogara kuma Allah ya gafarta musu, don ni har yanzu na kasa. Ina roƙonsa ya sanyaya mini zuciya, amma ban roƙe shi ya sa in yi nadama ba. Ko gobe suka sake tambayata, amsar da za su ji ke nan.

Taki har abada,
Saratu