Boton da Mama Ke Kira Edivan

Daga sansanin masu bincike, bakin tafki

Yaya Valdenor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Mama kuna lafiya.

Ka san na zo aikin sa kai ne don in riƙa zama a kwalekwale ina ƙirga boto, dabbobin ruwan nan masu kama da ƙaton kifi, idan sun ɗago shan iska. To tun da matsanancin fari ya ƙafar da tafkin, gawarsu muke ja zuwa gaɓa. Ruwan ya yi zafin da in ka tsoma ƙafa sai ka janye. Dabba mai tsawon mutum, ja-ja da ita, ga ta a kife cikin taɓo ungulu na jira. Ban taɓa ganin tashin hankali irin wannan ba.

Jiya na juya wata gawa, sai ga yankan raga a bayanta, mai kama da ƙugiya. Yaya, shi ne. Boton da ke zuwa mashayar gidanmu, wanda Mama ke jefa wa kifi tana kiransa Edivan tun ranar da kogi ya tafi da ƙaninmu mai wannan sunan ba a ga gawarsa ba. Na zauna daɓas a taɓon.

Ka faɗa mata a hankali. Saboda shi ta ƙi barin ƙauyenmu Boa Espera, ga allurar sugarta na ƙarewa, ga hanyar ruwa na rufewa. Yanzu ba ta da wanda take jira. Ka fito da ita birni.

Ƙanwarka,
Iracilda

Daga Boa Espera

Iracilda,

Muna amsawa. Mai jirgi ya kawo takardarki, ya ce kin rame kamar kazar da ta sha ruwan sama. Ki riƙa cin abinci.

Na sami Mama tana tuyar garin rogo na faɗa mata. Na zata za ta faɗi. Ko ƙifta ido ba ta yi ba, sai da ta gama juya garin ta ce, "Ashe dai ya gaji." Daga nan ta ce in ɗauko shebur.

Mun haƙa kabari kusa da na Baba. Ta wanke farar rigar Edivan da hularsa ta kaba, ta shanya. Na ce, "Mama, anya za su ba da shi?" Ta ce, "Su wa? Su suka haife shi? Shekara da shekaru ina jiran gawar ɗana, yanzu ta samu ka tsaya kana yi min anya."

Ga abin da ya fi: ta yarda ta tafi. Ta ma ɗaure kayanta. Jirgin Asabar shi ne na ƙarshe, bayansa sai yashi har damina ta dawo. Sharaɗinta ɗaya ne, a binne shi tukuna. Ki roƙi shugabar aikinku, ko ƙashi ɗaya ne ki aiko a ƙyalle. Ba na son dogon bayani irin naku na masu karatu.

Yayanki,
Valdenor

Daga sansani

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Kabari? Kai ma da hankalinka ka ɗauki shebur?

Ba a fitar da komai daga nan, don ba a tabbatar ko cuta ce ke kashe su ba. Na roƙa, an hana. Ina iya tsintar ƙashin kifi in naɗe in aiko, amma na gaji da ƙaryar da muke taya Mama riƙewa.

An feɗe gawar a gabana, ni na riƙe bokiti. Yaya, mace ce. Mace ce, kuma da ɗa a cikinta, ya kusa fitowa, har da ɗan dogon bakinsa. Na fita waje na yi amai, na yi kuka kamar yau Edivan ya nutse.

Ka karanta mata wannan kamar yadda na rubuta. Ta san ba ɗanta ba ne, bai taɓa zama ɗanta ba. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ita za ta saka ta a jirgi. Zan jira ku a tashar birni ranar Asabar.

Taka,
Iracilda

Daga Boa Espera

Iracilda,

Ina gaisuwa. Na karanta mata, ban tsallake kalma ba.

Ta rufe baki da hannu ta ce, "Ashe ya yi aure bai faɗa min ba. Surukata ce ke zuwa gaishe ni duk shekarun nan, ni ko sannu da ciki ban yi mata ba." Sai a lokacin ta yi kuka.

Ta kwance kayanta. Ta ce Edivan na cikin kogi shi kaɗai, ya rasa mata ya rasa ɗa, ba uwar da ke tafiya ta bar gidan makoki.

Jirgi zai tashi da safe, da wannan takardar a ciki. Allura saura kaɗan. Mama tana mashaya da kifi a ƙwarya, ruwan bai kai gwiwa ba.

Kar ki jira mu a tasha.

Valdenor